Wasiƙa daga Zariya a kan 'yan lifidin danƙo

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga aminina Malam Bashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma sanyin Ingila bai takura muku ba, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, na kuma ga tambayarka game da ƙananan mahayan nan da na tura maka hotonsu. Ba saye na yi ba, da hannuna na gina su, kuma zan yi maka bayanin a tsanake, domin ina da wata buƙata a wurinka wadda ba za ka gane dalilinta ba sai ka san yadda aikin yake.

Ana yin su ne domin wasan dabarun yaƙi a kan tebur, inda kowane ɗan wasa ke jera rundunarsa, a auna tafiyar dakaru da tef, a jefa dayis, wato 'yan ƙwayoyin nan masu ɗigon lamba a kowane gefe, don a san wanda ya yi rinjaye idan an yi karo. Hafsoshin Furushiya, wata tsohuwar daula ta Jamusawa, ne suka fara ɗaukarsa a matsayin hanyar horo a 1824, daga baya ya zama abin nishaɗi. Garin da kake zaune, Nottingham, shi ne cibiyar wannan sana'a a yau, don a nan kamfanin Games Workshop yake, wanda ya fito da wasan Warhammer a 1983. A nan kuma tagwayen nan Alan da Michael Perry suka yi suna wajen gina ƙananan dakarun, kuma labarin Michael yana ƙarfafa mini gwiwa, domin ya rasa hannunsa na dama a hatsarin igwa a 1996, amma ya koyi aikin da hagu ya ci gaba da shi. Ma'aunin tsayin dakarun da aka fi amfani da shi milimita 28 ne daga tafin ƙafa zuwa ido, wato bai kai santimita 3 ba.

Mu 'yan kaɗan ne masu wasan, muna haɗuwa a Samaru, kuma dakarun da suka zo hannunmu duk na Rumawa ne da na zamanin Napoleon. Ni kuwa abin da raina yake so shi ne in ga rundunar Zazzau ta fito ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana da 'yan lifidinta da 'yan bakanta da masu kakaki, shi ya sa na ɗauki aikin da kaina.

Danƙon da ake aikin da shi iri biyu ne a wurina. Na farko sunansa Kneadatite, amma masu sana'ar Green Stuff suke ce masa. Yana zuwa ne a zirin shuɗi da rawaya, a yanko a murza su tare har su koma kore, daga nan kuma lokaci ya fara tafiya, don cikin kamar awa ɗaya da rabi zai daina karɓar gyara, kuma sai ya kwana ya wuni yake gama ƙamewa. Idan rawayan ya fi yawa yakan yi laushi, idan shuɗin ya rinjaya yakan fi tauri. Tsofaffin masu sana'ar sun riƙe shi ne saboda yana jure zafi da matsi a lokacin da ake gasa robar da za a zuba narkakken ƙarfe a cikinta don a fitar da kwafin abin da aka gina. Na biyu shi ne Milliput, wanda aka fara yi a 1968, ake kuma yin sa a Wales, shi kuwa ana sulɓe shi da ruwa, kuma idan ya bushe ana iya kankare shi da reza ko a goge shi. A ganina na farko ya fi dacewa da tufafi da igiyoyi, na biyu kuma da takobi da garkuwa da duk abin da ke son kaifin gefe. Yanayinmu ma yana da nasa hukunci: a zafin bazara danƙon yakan yi saurin ƙamewa, don haka da sassafe nake aiki, a hunturu kuma dole in rufe shi saboda ƙura.

Ana farawa da ƙashin waya, a lanƙwasa ta da filaya a fitar da tsayuwar mutum, a soke ƙafafun a toshiyar kwalba don a samu mariƙi. Daga nan aikin ya yi kama da na maginanmu na gargajiya, irin su Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni a zamanin Sarki Abdulkarimu: ba a ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya bushe. Yau a yi jiki, gobe wando, jibi riga, domin wanda ya yi gaggawa yatsansa ne zai danne abin da ya gama. Kayan aikina allura ce da tsinken sakace da wasu ƙarafa irin na likitan haƙori, kuma kullum bakinsu yana jiƙe da ruwa ko ɗan basilin don kada danƙon ya kama su.

Abin da na fi so ka sani shi ne yadda aikin ya sauya mini kallon Hawan Sallah da Hawan Daushe. Mun tashi muna ganin hawa, amma sai da na zauna zan gina ɗan lifidi na fahimci cewa kwarjininsa kawai muke gani, ba mu lura da yadda aka haɗa shi ba. Lifidi cushe yake da auduga, an bi shi da ɗinki layi-layi, saboda haka ba ya zuba kamar babbar riga, tsayawa yake yi da nauyinsa, yana kumbura tsakanin ɗinki da ɗinki, kuma idan aka yi masa lanƙwasar yadi mara nauyi nan take ido zai ƙi shi. Na dokin kuma yana sauka ta ƙirji da cinyoyi, ya ɓoye rabin tafiyarsa, don haka a wuya da kai ake nuna cewa dokin yana motsi. Sulke da bakin allura ake fitar da shi, rami bayan rami a jere, tun danƙon yana da laushi. Takobinmu miƙaƙƙe ne, kuma a kafaɗa ake rataya shi da hamila, ba a ƙugu ba, likkafarmu mai faɗi ce, sirdinmu kuma yana da tudu gaba da baya. Rawani shi ne ya fi wuya, domin dole in murza danƙon ya zama siriri, in naɗa shi bi da bi yadda mai naɗi yake yi, in bar amawali ya rufe baki. Wani dattijo mai kula da dawaki a cikin birni ya bar ni na ɗaga tsohon lifidi da hannuna, ya nuna mini inda ake ɗaure shi, kuma abin da na koya a wurinsa babu hoton da zai ba ni shi.

Na san za ka tuna mini batun sura, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Na tambayi malamina, ya yi mini bayanin maganganun malamai a kai, ni kuma na zaɓi in bar fuskokin babu ido babu hanci, amawali ko kwalkwali ya rufe su, idan an gama wasa kuma akwati suke komawa.

Buƙatata ita ce, idan Allah Ya kawo ka hutun ƙarshen shekara, ka taho mini da Kneadatite da Milliput fari mai laushin gari, tare da 'yan sandunan nan masu bakin roba da ake sulɓe danƙo da su. Ka nemi wanda aka raba shuɗin da rawayan, domin na zirin da suke manne tsakiyarsa takan ƙame idan ya daɗe. Abin da ka kashe ka faɗa mini in ba ƙaninka a nan. Yanzu 'yan baka nake ginawa, bayansu kuma dogarai, kuma ina so ka zo ka ja ɗaya rundunar da kanka.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Inna tana gaishe ka ƙwarai.

Wassalam. Naka amini,
Sulaimanu.