Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa Kan Daskarewar Jini Bayan Ciwon Huhu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Ni ɗan Daura ne, tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin jini. A garinmu korona ta fara ɓulla a jihar nan, cikin Afrilun 2020, ta ɗauke mana likita, aka rufe gari. Ta lafa, amma abin da ta nuna wa likitocin duniya bai iso asibitocinmu yadda ya kamata ba: ƙwayar cutar da ta kama huhu, ko korona ce ko mura mai tsanani, tana iya sa jini ya yi gudaji a jijiya.

Hunturun bara wani maƙwabcina ya yi kwana tara a gadon asibiti da ciwon huhu. Zazzaɓi ya sauka, aka sallamo shi, muka je barka. Bayan kwana uku sha-raɓarsa ta hagu ta kumbura tana zogi. Aka ce sanyi ne, aka murza da man zafi. Da asuba numfashi ya sarƙe, bai kai asibiti ba. Allah Ya jiƙansa. Ajali ne, na yarda, amma wanda ya yi aikina ya san wannan salon: guda ya ɓalle daga jijiyar ƙafa ya toshe ta huhu.

Zafin ciwon yana raunata bangon jijiya, doguwar kwanciya tana rage gudun jini, ga ƙarancin ruwa a jiki. Wasu kuma garkuwar jikinsu ce ke ruɗewa, ta ƙera makaman da ake kira antifosfolifid, su juya kan mai gida. Abin mamaki, ɗaya daga cikin makaman nan yakan sa jini ya yi jinkirin daskarewa a kwalbar gwaji, alhali a jiki gudaji yake haddasawa. Wanda bai sani ba sai ya karanta sakamakon a baibai. Galibi sukan ɓace bayan an warke, shi ya sa ƙa'ida ita ce a sake gwaji bayan mako 12. Wanda nasa suka zauna yana buƙatar kulawa mai tsawo. Su ne ma ke sa wasu mata yawan ɓari.

Roƙona, ranka ya daɗe, a wadata manyan asibitocin Daura, Funtuwa, Malumfashi da Dutsin-Ma da kayan gwajin D-dimer, mai nuna alamar gudaji a jini, da na auna lokacin daskarewar jini, da na'urar sikanin jijiyar ƙafa. D-dimer shi kaɗai ba ya yanke hukunci, don ciwon huhun ma da kansa yana ɗaga shi. Hoton ne ke tabbatarwa. Allurar hefarin mai tsinka jini kuma ta shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, kada a miƙa wa ɗan jinya takarda ya shiga zagayen kemis. Likita ne zai tantance wa za a yi wa, tunda akwai masu haɗarin zubar jini, irin mai gyambon ciki ko zazzaɓin Lasa.

Akwai kuma roƙon da ba ya cin ko kwabo. Duk wanda za a sallama, nas ta gaya wa iyalinsa da Hausa: in ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ƙirji ya soke, ko tari ya zo da jini, a dawo nan take, kada a murza. Mu ba wanda ya gaya mana, kuma ni da na sani ban ji labarin ƙafar ba sai a wurin zaman makoki.

Allah Ya yi maka jagora.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin lafiya, Daura