Zuwa ga aminina a Abijan: zancen panon Inna da rawanin Baba

Tawa, daren Juma'a

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Tawa ƙalau muke, sai bazara da ta sa mu gaba. Tun ƙarfe goma na safe ba a iya dafa ƙarfen ƙofa, da dare kuma kowa a tsakar gida yake shimfiɗa.

Sau biyu na saurari saƙonka, domin na ji ɓacin rai a muryarka. Ka ce kuɗin guminka ka aiko aka sa ma Inna pano biyu na hasken rana da batiri, lokacin sanyi batirin kan cika tun kafin la'asar, yanzu kuwa da rana ke tsaga ƙasa ba ya cika, fanka na mutuwa tsakar dare. Har ka yanke cewa yaron da ya haɗa jabu ya sayar maka. Jiya da na tashi daga lakol na bi ta gidan, na ari tsani na hau. Kayan masu kyau ne. Kuskuren yaron ɗaya ne: ya kwantar da panon a kan kwanon rufi, babu ko faɗin tafin hannu tsakaninsu, iska ba ta samun hanyar shiga ƙarƙashi. Ƙura kuma ta lulluɓe gilashin har ana iya rubutu da yatsa. Na taɓa gefen ƙarfen, ban san sa'ad da na janye hannu ba.

Maganin yana ƙarshen takardar nan, amma ka yi mini haƙuri tukuna. Na daɗe ina koyar da fizik da shimi, kuma ba kullum nawa ke yi mini tambayar da ta faɗo daidai kan abin da na fi ƙauna a karatun nan ba.

Kai ka ɗauka zafin rana pano ke ci. Kusan kowa haka ya ɗauka. Haske yake ci, kuma ƙwaya-ƙwaya yake cin sa. A shekarar 1900 wani malami a Jamus, Max Planck, yana neman lissafin hasken da abu mai zafi ke fitarwa, irin ƙarfen da maƙeri ya sa a wuta ya yi ja, sannan ya koma fari. Lissafin ya ƙi fita sai da ya ɗauka cewa ba a ba da ƙarfin haske yadda ake tsiyaya ruwa, ana ba da shi ne a ƙidaye, kamar goro. A 1905 Einstein, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern, ya ce ai hasken kansa a ƙidaye yake tafiya. Kowace ƙwaya, wadda daga baya aka raɗa ma suna foton, ƙarfinta ya danganta ga launinta kaɗai. Ƙwayar jan haske tana da kamar 1.8 a ma'aunin da muke kira elektron-bolt, ta shuɗi kamar 2.7, ta shunayya ta ɗan haura 3. In ka ƙara hasken fitila, yawan ƙwayoyin ka ƙara, amma kowace tana nan da ƙarfinta na asali. Wani Ba'amurke, Millikan, bai yarda ba, ya yi shekaru yana awo, a ƙarshe a 1916 awon nasa ya gaskata lissafin Einstein. Wannan lissafin aka ambata da aka ba Einstein kyautar Nobel ta 1921.

Ga yadda nake faɗa ma yara, kuma na san kai za ka fi su ganewa, tunda ka ja ruwa a Adar. Ka tuna rijiyar garin kakanninka. In zurfinta gaba ashirin ne, mutum ɗari suka zo kowa da igiya mai gaba goma sha biyar, ko ɗigo ba za a sha ba, ko da sun kai dubu. Yaro guda mai igiya gaba ashirin shi zai fid da ruwa. Wanda ya zo da gaba arba'in kuwa guga ɗaya zai fitar shi ma, sauran igiyar tana nan a naɗe bakin rijiya ba ta yi aikin komai ba. To, elektron, ɗan ƙanƙanin abin da gudunsa cikin waya shi ne lantarki, shi ne ruwan, kuma a silikon da aka yi panonka da shi zurfin rijiyarsa 1.1 ne a ma'aunin nan. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin rana yana zuwa ne a ƙwayoyin da igiyarsu ta gaza, hasken da ke ƙasa da ja wanda ido ba ya gani. Waɗannan ba sa ta da elektron ko ɗaya. Ƙwayar shuɗi kuma igiyarta ta ninka zurfin har da ƙari, elektron ɗaya take tayarwa, rarar ta zama zafi a jikin panon. Ta nan ake asarar kusan sulusi. Shi ya sa tun 1961 wasu masana biyu, Shockley da Queisser, suka lissafa cewa pano mai rijiya iri ɗaya ba zai wuce kamar kashi 30 cikin ɗari ba, komai gwanintar mai ƙera shi. Na farko da aka yi da silikon a ɗakin binciken Bell a Amurka, a 1954, kashi 6 yake bayarwa. Na kasuwa yanzu suna wajen kashi 20.

Tutiyar da aka shafe kwanon rufin Inna da ita, tata rijiyar ta wuce 4. Duk hasken da idonka ke gani, ka tara shi yadda kake so, ba zai ɓamɓaro elektron daga jikinta ba. Gasa ta kawai zai yi, ita kuma ta gasa panon da ke kwance a kanta.

Nan matsalarka take. Lambar da aka rubuta a bayan pano an auna ta ne yana da zafin digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, silikon yana rasa kamar kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, domin zafi yana motsa elektron barkatai, yawan waɗanda ke komawa rami kafin su kai waya ya ƙaru, boltin ya sauka. Pano a kan kwano cikin watan Afrilu yana iya kai digiri 65, ka ga kashi 16 ya tafi ke nan. Ka ɗora ƙura a kai, ka tuna kuma da sanyi ba a kunna fanka, yanzu kuwa kwana take tana juyawa, shi ma batirin ba ya son ɗaki mai zafi. Babbar tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30, su ma da zafi da ƙurar nan suke fama. Marigayi Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, da ya riƙe ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969, cikin abin da suka ƙera har da na'urar dafa ruwa da rana. Ita wannan zafin take so, ba ta tambayar launin ƙwaya. Mutanenmu sun haɗa biyun a ka, suna ce ma duka "aikin rana".

Da na sauko, Inna ta hana ni tafiya sai na sha fura. Tana fid da kaya daga adaka tana kakkaɓewa, sai ga rawanin Baba, Allah ya jiƙansa, baƙin nan mai sheƙi da yake naɗawa ranar salla. Aminina, launin yana nan kamar jiya aka fid da shi daga karofi. Na riƙe shi na daɗe ban ce komai ba. Na tuna mu muna yara a bakin marinarsa, yana tsamo zane daga rami tsanwa-tsanwa mai ratsin ɗorawa, ya ɗaga shi sama, kafin mu ƙirga ashirin ya rikiɗe ya zama shuɗi a gabanmu. Muka tambaye shi, ya ce zanen iska yake sha. Gaskiya ya faɗa tsaf, kuma sai da na je jami'a na san haka.

Ƙwayar shuni, rinin kansa, atam talatin ce, wato ƙananan tubalan da ake gina kowane abu da su: kabon 16, haidurojin 10, naiturojin 2, oksijin 2. Elektron ɗin da ke cikinta ba ya zama inda ya ga dama, matakai gare shi kamar na tsani, ba a tsayawa tsakanin mataki da mataki. Tazarar matakin da ya fi muhimmanci kamar 2 ce a ma'aunin nan namu, wato daidai da ƙwayar haske mai ruwan lemo, wajen nanomita 600 a ma'aunin da ake bambance launukan haske da shi. Ita shuni ke haɗiyewa, tare da maƙwabtanta ja da ɗorawa, ya mayar mana da saura, saurar nan ita muke kira shuɗi. A cikin rami kuwa, inda toka da ruɓewa suka yi kwanaki suna aiki, ƙananan halittu suna ɗora ma ƙwayar elektron biyu. Da haka take narkewa a ruwa ta shiga zare, amma tazarar matakanta ta buɗe, sai ta koma haɗiyar shunayya, ido ya gan ta ɗorawa. Da an ɗaga zanen, oksijin na iska ya karɓe elektron biyun, tazarar ta koma yadda take, launin ya dawo, ƙwayar kuma ta maƙale cikin zare tunda ba ta ƙara narkewa. Baba da hanci da harshe yake gane ramin ya nuna. Ni da alli nake zana abin a allo, kuma ban isa in haɗa rami ɗaya ya kama ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne dalilin da ya sa bai koɗe ba. Rini da yawa in suka haɗiyi ƙwayar haske sukan riƙe ƙarfin na ɗan lokaci, cikin lokacin nan sai wani haɗi ya tsinke ko oksijin ya kama su, atamfa ta yi fari a kan igiyar shanya. Shuni ba ya riƙewa. Haidurojin guda yana tsallakawa daga naiturojin zuwa oksijin da ke kusa da shi, ya komo, ƙarfin ya watse ya zama ɗumi cikin wani lokaci da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba, ƙwayar tana nan ba abin da ya same ta. Bajamushe Adolf von Baeyer ya yi shekaru kafin ya gano ƙirarta, kamfanin BASF ya fara sayar da na masana'anta a 1897, kuma ƙwayar iri ɗaya ce da ta ganyen baba. Ina jin ciwon yadda marinanmu ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, yaranmu suna haddace sunayen Turawan nan don jarrabawa, ba wanda ya gaya masu kakanninsu sun yi ɗaruruwan shekaru suna sarrafa elektron biyun nan a rami.

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji mai aiki, don haka nakan ɗauko ƙaramin murhun gaz daga gida. In barbaɗa gishiri a harshen wutar, ta yi ɗorawa. In barbaɗa kanwa, ɗorawar nan dai, ba bambanci. Sodiyom ne a cikinsu duka biyun, elektron ɗinsa ya hau mataki saboda zafi, da zai sauko ya saki ƙwaya mai nanomita 589, ko daga Bilma gishirin ya fito ko daga teku. Kowane sinadari da nasa tsanin, shi ya sa ake gane shi daga nesa. Ta haka aka ga alamar heliyom a hasken rana a 1868, shekara 27 kafin wani masani, Ramsay, ya same shi a nan duniya. Ranar da na faɗi wannan wata yarinya a layin baya ta ce, "Mushe, ashe ana iya sanin abin da ke cikin tauraro ba a je ba?" Satin gaba ɗaya da farin ciki na yi shi.

Yanzu ga abin da ya fi pano nauyi. Muna hira magariba ta yi, na lura Inna tana laluben buta da ƙafa, alhali ni ina ganin ta sarai. Na tambaya, ta ce ta kwana biyu in rana ta faɗi ba ta gani sosai, ba ta so a gaya maka don kada hankalinka ya tashi. Ni kuwa ba zan ɓoye maka ba. A bayan ido akwai wata ƙwaya mai suna retinal, lanƙwasasshiya, da jiki ke yi daga bitamin A. Ƙwayar haske guda ta isa ta miƙar da ita, kuma miƙewar nan ita ce farkon gani. In bitamin ɗin ya yi ƙaranci, ganin dare ke fara tafiya, shi ne dundumi, kuma ba banza ba tsofaffi ke ba mai shi hanta. Amma a shekarun Inna yanar ido ma tana kawo irin wannan, da wasu cututtukan da ba a wasa da su, likitan ido ne zai tantance. In ka amince, ranar Litinin ba ni da aji da safe, zan kai ta.

Zancen pano kuwa, na yi magana da yaron, bai yi gardama ba. Zai dawo da ƙarafa ya ɗaga shi kamar taƙi guda daga kwano, ya ɗan karkata shi kudu. Autarku za ta riƙa share shi da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. Batirin kuma mun riga mun matsar da shi zaure, inda iska ke ratsawa. Kada ka sayi sabon komai sai mun ga yadda sati biyu za su yi.

Roƙo ɗaya gare ni: ina son aron rawanin Baba na yini guda in kai ma yara aji. Inna ta ce sai da izininka. Ba mai taɓa shi sai ni, kuma kafin la'asar zai koma adaka.

Ka gaida uwargida da yara, da dukan ƴan Tawa da ke nan unguwarku. Inna tana sa maka albarka. Ina jiran amsarka kafin Litinin.

Wassalam,
Naka amini