Malami ba sai ya tabbatar ba kafin ya yi magana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafinku na wasiƙu in tofa albarkacin bakina kan wata magana da malamai ke yi ƙasa-ƙasa a ofishinsu, ba sa kuma son ta fita waje. Idan malami ya ga alamar ɗalibi yana yi wa kansa rauni da gangan, ko yana tunanin kashe kansa, ya kai maganar gaba ne ko ya ja bakinsa? Ni malama ce a sakandare, kuma ra'ayina shi ne a kai. Sai dai akwai kaiwar da ta fi shirun illa, zan zo kanta.

Abin da ke ɗaure wa malamai kai shi ne alamun ba sa fitowa ƙarara. Yarinya ce za ka gani tana jan hannun rigarta har tafin hannu, a ranar da kowa a aji ke fifita da littafi saboda zafi. Filasta a tsintsiyar hannunta mako bayan mako, kullum da sabon bayani: yau ƙofa ce ta datse ta, gobe kyanwa ce ta yage ta. Ko yaron da a da sai an tsawata masa saboda surutu, yanzu ya koma kujerar baya ya yi tsit, makinsa na ta zubewa. Ko a ba da insha'i kan abin da ɗalibi ke son zama nan gaba, wani ya rubuta layi biyu cewa shi ba ya jin zai kai lokacin. Akwai mai rarraba wa abokai kayan da yake ji da su ba gaira ba dalili. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar matashi ta iya ɓoyo, kuma kowace daga cikin alamun nan tana iya zama ba komai ba. A nan malami ke tsayawa. Za ka ji ana cewa, "Idan na faɗa ya zama ba haka ba ne fa?" Wata ta ce, "Rabu da ita, so take a kula ta." Wani ya ce shi lissafi aka ɗauke shi ya koyar, ba duba masu damuwa ba.

Mai cewa shi ba likita ba ne ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar tasa ita ce hujjata. Tunda ba likita ba ne, ba shi zai yanke hukuncin cewa abin ƙarami ne ba. Ba duk mai yi wa kansa rauni ke son mutuwa ba. Da yawa suna yi ne don su rage wani ƙunci da suka kasa furtawa. Amma masana sun daɗe da sanin cewa wanda ya taɓa cutar da kansa ya fi sauran mutane shiga haɗarin kashe kansa daga baya. Bambance wannan da wancan aiki ne da ke ba ƙwararru wuya ko sun zauna da yaro awa guda, balle malami mai aji cike da minti arba'in. Idan ya kai rahoto ya zama babu komai, an ɗan ji kunya, an ɓata rabin awa. Idan ya yi shiru ya zama akwai komai, babu gyara. Ita kuwa wadda aka ce kulawa take nema, ai yarinyar da ta kai ga yanka fatarta don a dube ta, lallai tana bukatar a dube ta.

Kada a ɗauka abin na wasu ƙasashe ne can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 720,000 ke kashe kansu duk shekara, kashi 73 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma a 2021 wannan ne sanadin mutuwa na uku a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29. Ta kuma ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Duk malamin da ya lissafa kawunan da ke gabansa ya raba da bakwai ya san ajinsa bai tsira ba.

Akwai tsoron da na fi jin sa a bakin malamai masu kirki: wai idan ka tambayi yaro kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, kai ne ka sa masa tunanin. An gwada wannan. A 2005 Madelyn Gould ta Jami'ar Columbia da abokan aikinta sun wallafa bincike a mujallar JAMA kan ɗaliban sakandare sama da 2,000 a jihar New York ta Amurka. An yi wa wasu irin waɗannan tambayoyi, wasu ba a yi musu ba. Waɗanda aka tambaya ba su ƙara shiga damuwa ba, tunanin bai ƙaru a zukatansu ba. Saboda haka a tambaya, cikin natsuwa, a inda babu kunnuwan 'yan aji, ba tare da zare ido ko salati ba.

Inda abin ya fi zafi shi ne lokacin da yaron ya buɗe baki da kansa. Yarinya za ta jira kowa ya fita, ta tsaya gefen tebur tana murza gefen littafi, ta ce, "Malama, zan faɗa miki wani abu, amma ki yi min alkawari ba za ki faɗa wa kowa ba." Zuciya za ta ce ki amsa da to, don kada ta fasa. Kada ki amsa. Alkawarin da dole ki karya shi kafin a tashi makaranta cin amana ne tun daga farko. Abin da ya dace ki ce shi ne, "Ina jin ki, 'yata, kuma ba zan yi yawo da maganarki ba. Amma idan rayuwarki na cikin haɗari, sai na nemo wanda zai taimake mu, kuma ke zan fara faɗa wa ko wane ne." Wasu za su yi fushi, wasu su daina gaishe ki na ɗan lokaci. Gara hakan. Na lura yawancinsu abin da suke tsoro ba a sani ba ne, a sani ba da saninsu ba ne, su wayi gari kowa na kallonsu. Idan aka ce mata ta zaɓi wanda za a fara sanarwa, ko ta zauna a wurin lokacin da ake faɗa, rabin fargabar ta tafi.

To, ga maganar da nake ganin masu shiru suna da hujja a kanta. Malami ya kai rahoto, shugaban makaranta ya kira yarinya gaban malamai biyar ya ce ta naɗe hannun riga. Ko a ambaci abin a taron safe, ko da ba a kama suna ba, alhali kowa ya san da wa ake. Ko a kira uba a waya a ce 'yarka ta fara iskanci, ya zo ya ɗauke ta da mari. Wani lokacin ma gidan ne tushen ciwon, sai a mayar da yaro hannun wanda yake gudu. Malamin da ya taɓa ganin haka zai ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ni kuma ba zan ga baƙinsa ba. Amma laifin na hanyar ne, kuma hanya ake gyarawa.

A Ingila ƙa'idar gwamnati ta wajabta wa kowace makaranta ta naɗa babban ma'aikaci guda da kare yara ke wuyansa, kowane malami ya san shi, an kuma hana malamai yi wa yaro alkawarin rufe irin wannan magana. Wannan tsari ba ya bukatar gini ko na'ura. Mutum ɗaya ne mai riƙe sirri, da littafi a akwati mai makulli. Malami ya rubuta abin da idonsa ya gani, da ranar, da kalmomin yaron yadda ya faɗe su, ban da fassararsa. Shi wanda aka naɗa ya auna yadda za a tunkari iyaye, ya tambayi yaron tukuna ko akwai abin da yake tsoro a gida, ya san asibiti ko ma'aikacin jinya da za a tura shi. Idan kuwa yaro ya ce ya shirya, ko ya riga ya sha wani abu, ko raunin babba ne, babu zancen jiran gobe: ba a barin sa shi kaɗai, asibiti ake nufa a lokacin, a sanar da na gida da ya aminta da shi.

Kada kuma mu malamai mu ɗauka idonmu ya wadatar. Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Lancet a 2015, wanda ya haɗa ɗalibai kusan 11,000 a makarantu 168 na ƙasashen Turai goma, ya gwada hanyoyi daban-daban. Horar da malamai su gane alamu shi kaɗai bai nuna raguwar da za a dogara da ita ba. Shirin da ya zaunar da ɗaliban kansu na awa biyar, suna tattauna damuwa da yadda ake neman taimako, shi ya rage yunƙurin kashe kai da kusan rabi bayan shekara guda. Ban yi mamaki ba. Ƙawa kan san abin da ke ƙarƙashin hannun riga watanni kafin malama ta lura, kuma ita ma an sa ta rantsuwa. Sai an koya mata cewa faɗa wa babba a irin wannan hali ba gulma ba ce.

Ku ma 'yan jarida ina da roƙo gare ku. Idan irin wannan labari ya zo teburinku, ku bar bayanin yadda aka yi da abin da aka yi amfani da shi, ku bar hoto da sunan makaranta, domin an tabbatar yara masu rauni kan kwaikwayi abin da suka karanta. Maimakon haka ku aika wakilanku makarantu su yi wa shugabanni tambaya ɗaya: idan malami ya ga alama yau da ƙarfe goma na safe, ofishin wa zai nufa?

Na gode.

Wata malamar sakandare