A yi wa Antoniyo na Fotugal adalci

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na tarihi kan yaƙin Wadi al-Makhazin na 1578, inda Sarki Sabastiyan na Fotugal ya halaka a ƙasar Maroko. Shiri ya yi armashi, amma da mai gabatarwa ya iso rikicin gadon sarauta, sai ya ce akwai wani Antoniyo da ya nema, ɗan gaba da Fatiha ne, ya wuce abinsa. Haba malam, a baki ɗaya aka binne mutum?

Antoniyo jikan Sarki Manuwel na ɗaya ne ta wajen ubansa, Yarima Luwis. Uwarsa Biyolante Gomes ba 'yar gidan sarauta ba ce, shi kuwa ya dage cewa iyayensa sun yi aure a ɓoye. Shi ma yana filin dagar nan ta Maroko, aka kama shi, ya ɓoye asalinsa har aka fanshe shi da kuɗi kaɗan. Ya koma gida ya tarar da baffansa Hanri a kan karaga, tsohon Kadinal (babban limamin cocin Katolika) marar ɗa. Hanri ya ƙi yarda da zancen auren, ya rasu a Janairun 1580 bai bar magaji ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Gidan Abis, wato gidan sarautar Fotugal da ake rigimar gadonsa, wa ya kafa shi? Juwan na ɗaya ne, wanda shi ma Sarki Pedro ya haifa ba da aure ba. Da ya karya rundunar Kastila, masarautar da ke cikin Sifen ta yanzu, a Aljubarrota a 1385, maganar uwarsa ba ta hana shi komai ba. To me ya sa abin da aka yafe wa kaka ya zama laifi a kan jika? Ni dai a ganina, Antoniyo ƙarfi ya rasa. Talakawa sun naɗa shi a Santarem cikin watan Yuni na 1580, amma yawancin manya sun riga sun karkata ga Filibus na biyu na Sifen, wanda shi ma jikan Manuwel ne ta wajen uwa, ga azurfa ga dakaru. Ran 25 ga Agusta, sarkin yaƙin Filibus, basaraken Alba, ya tarwatsa 'yan sa-kan Antoniyo a gadar Alkantara, bakin birnin Lisbon.

Duk da haka bai saduda ba. Tsibirin Tarsera na Fotugal da ke tekun Atlantika ya riƙe masa amana har 1583. Ya bi jiragen Turawan Ingila a 1589 ya sauka gaɓar ƙasarsa, jama'a ba su taso ba. Har ɗansa Kiristoba ya tura jingina wajen Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur don neman gudummawa, abin bai yi ba. Wannan al-Mansur ɗin kuwa mun san shi, shi ne ya aiko sarkin yaƙinsa Judar ya ci daular Songhai a Tondibi a 1591.

Antoniyo ya rasu a Faris a 1595, hannunsa ba komai. Ina roƙon ku ware masa shiri guda, ko na minti goma ne.

Naku,
Mai sauraronku daga Zariya