Rahoton Kwamitin Gyaran Mahaɗar Titi: Abin da Aka Gina da Dalilin Gina Shi

Kwamitin da mazauna unguwa da masu shagunan bakin titi da iyayen yara suka ɗora wa alhakin gyaran babbar mahaɗar nan yana sanar da jama'a cewa aiki ya kammala. An buɗe duka hannuwan titin, hukumar kula da hanyoyi ta birni ta zo ta duba, ta kuma karɓa. Ga bayanin abin da aka yi, da dalilin da ya sa aka zaɓe shi aka bar wasu abubuwan da jama'a suka fi nacewa a kansu.

Ba da siminti muka fara ba, da tambaya muka fara. Kowa a unguwar yana cewa wurin ya cika cin rayuka, amma idan aka ce a nuna daidai inda abin yake faruwa, sai baki ya rabu. Saboda haka muka zana taswirar mahaɗar a babbar takarda, muka bi masu shaguna da masu babur da masu gadin dare da malaman makaranta, muka kuma nemi abin da ke rubuce a wurin jami'an kula da zirga-zirga. Duk hatsarin da aka tabbatar, sai a ɗiga masa alama a inda ya auku, a rubuta lokacinsa da irin abin hawan. Har fasassun gilasai da sawun birki a kan kwalta mun lissafa, domin karon da ba a yi jini ba babu mai kai rahotonsa, alhali yana nuna inda na gaba zai faru.

Da aka gama, alamomin ba su warwatsu ba. Wuri uku suka taru.

Na farko shi ne kwanar da ke shiga ƙaramin titi. An yi ta da faɗi ƙwarai, ta yadda direba zai sha kwanar ba tare da ya taɓa birki ba, kuma a daidai nan mutane ke tsallakawa. Na biyu shi ne bakin mahaɗar, inda motocin haya ke tsayawa ɗaukar fasinja. Yaro zai fito ta gaban bas da ke tsaye, bai ga motar da ke tahowa ta bayan bas ɗin ba, ita ma ba ta gan shi ba. Na uku wani rami ne a kan tsohuwar kwalbati, wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa duk damina. Masu kauce masa sukan faɗa hannun da ba nasu ba, su yi gaba da gaba da mai babur.

Lokutan ma suna da tsarinsu. Da safe da lokacin tashi daga makaranta an fi samun yawan hatsari, amma galibi rauni ne, saboda cunkoso ya riga ya rage wa kowa gudu. Munanan, waɗanda ake rasa rai a cikinsu, sun fi aukuwa da faɗuwar rana da kuma cikin dare, sa'ad da titi ya yi fili, haske ya yi ƙaranci, direba ya sami damar taka mota. Wannan shi ya daidaita tunanin kwamitin. Cunkoson da kowa ke kuka da shi ba shi ke kisa ba, gudu ne.

Abin da muka gani bai saɓa da abin da aka sani a duniya ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan ba a cikin mota suke ba: masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Hukumar ta kuma nuna cewa idan matsakaicin gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin ɗari, haɗarin aukuwar hatsarin da za a rasa rai yana ƙaruwa da kashi 4. Wanda mota ta buge tana gudun kilomita 65 a awa, yiwuwar mutuwarsa ta ninka ta wanda aka buge a kilomita 50 har sau huɗu da rabi.

Lissafin ba shi da wuya, kuma mun yi shi a gaban jama'a ranar taron amincewa da zane. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 30 tana cin mita 8 da ɗan kai. Kafin ƙafar direba ta bar totur ta isa birki, daƙiƙar nan ta wuce. Bayan an taka birkin kuma, idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninkawa take yi sau huɗu. Ta ɓangaren mai tsallakawa, titi mai layi huɗu yakan kai faɗin mita 14, kuma babban mutum mai lafiya yana buƙatar kusan daƙiƙa 12 kafin ya haye. A cikin wannan lokaci motar da ke gudun 60 ta ci mita 200. Wato ana so ɗan firamare ko tsohuwa mai sanda su auna saurin motar da ke can nesa, daga hannu biyu, a lokaci guda. Babu wa'azin da zai koya wa ɗan shekara 7 wannan.

Abu uku jama'a suka fi nema: gadar sama, danja, da shataletale. Gadar sama mun ƙi ta kai tsaye. Mai kaya a ka, da mai goyo, da mai keken guragu, da dattijo mai ciwon gwiwa ba za su hau ba, kuma da zarar an gina ta direba zai ɗauka titi ya zama nasa shi kaɗai, ya ƙara wuta. Danja tana aiki ne idan akwai wuta da mai gyara da mai hukunta wanda ya karya ta, kuma a tsakar dare, lokacin da muka fi buƙatarta, a lokacin aka fi raina ta. Shataletale kam mun so shi, domin a mahaɗa mai hannu huɗu akwai wurare 32 da hanyoyin motoci ke iya cin karo, shataletale kuma yana mayar da su 8. Fili ne bai isa ba sai an rushe gine-gine, kuma kwamitin ba shi da wannan hurumi.

Aikin da ya fi cin lokaci da kayan aiki shi ne wanda ba a gani, wato magudanar ruwa. An fasa tsohuwar kwalbatin, aka tarar ta cushe da yashi da leda, bakinta kuma ya rufta. An zuba sabuwa da kankare da rodi, aka faɗaɗa ta, aka gyara gangaren lambatun domin ruwa ya riƙa wucewa maimakon ya kwanta. Sai da ƙasa ta daddaku da kyau kafin a shimfiɗa kwalta a kai. Wasu sun yi ta ƙorafin an daɗe da rufe hannu ɗaya, amma kankare yana buƙatar kimanin kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa, kuma injiniyan hukuma bai yarda tifa ta hau kafin lokacin ba. Kwamitin ya goyi bayansa. Cike rami ba tare da an kori ruwan da ya haƙa shi ba, aikin damina ɗaya ne.

Lambatun da aka gyara an rufe shi da faifan kankare, ya zama hanyar masu tafiya a ƙasa, wadda ta ɗara titi tsayi. A da mutane a gefen kwalta suke tafiya suna gogayya da babura, don babu inda za su bi.

Daga nan aka koma kan tudun rage gudu. Waɗanda ke wurin a da, matasan unguwa ne suka yi su cikin fushi bayan wani hatsari, kuma ba mu ga laifinsu ba. Sai dai tudun sun yi tsini tamkar kunyar gona, ba fenti, ba alama. Mai babur da bai san da su ba yakan kife cikin dare, wanda ya san da su kuma yakan ratse ta gefen titi, inda mutane ke tafiya. An kankare su duka. Tudun da aka auna a Birtaniya tun shekarun 1970 tsawonsa mita 3.7 ne, tsayinsa kuma bai wuce santimita 10 ba, yana tashi a hankali ya sauka a hankali. Mai tafiya sannu zai haye lafiya, mai gudu ne zai ji a jikinsa. A kan wannan ƙa'ida aka yi sababbin, aka kuma yi wa na wurin tsallakawa shimfiɗaɗɗen kai daidai da tsayin hanyar ƙafa, aka zana farin layi a kansa. Yanzu mota ce ke hawowa wurin mutane, dole kuma ta rage gudu kafin ta hau.

A tsakiyar babban titin an gina dandamali mai kariya, inda mai tsallakawa zai tsaya ya huta. Maimakon ya lura da hannu biyu lokaci ɗaya, zai haye rabi yana kallon gefe guda, ya tsaya, sannan ya juya ya kalli ɗaya gefen. An bar tsakiyarsa daidai da ƙasa saboda keken guragu da baro. Faffaɗar kwanar nan kuma an matse ta da kankare, ta yadda babu mai shan ta sai ya taka birki. Mun gwada da babbar mota kafin a zuba, don kada a yi abin da tirela za ta murƙushe a makon farko.

Matsar da wurin tsayawar motocin haya shi ne ya fi wahalar sasantawa, ko da yake ginin kansa ba wani abu ba ne. Direba yana son tsayawa inda fasinja yake, fasinja kuma yana son tsayawa a bakin mahaɗa. An zauna da shugabannin direbobin har aka daidaita, aka yanka musu wuri a gefe bayan an wuce mahaɗar, aka yi rumfa da benci domin fasinja ya sami dalilin zuwa can. Yanzu wanda ya sauka ta bayan bas yake tsallakawa, inda ake ganinsa. An kuma cire wani allon talla da ke tare wa masu fitowa daga ƙaramin titi gani, aka sassabe rassan da suka rufe alamar hanya, aka kafa fitilu masu aiki da hasken rana. An saita su ne su haska mutumin da ke tsaye a bakin layin tsallakawa, ba tsakiyar kwalta ba.

Gudun da aka tsara wa wurin shi ne kilomita 30 a awa. Wannan ne adadin da taron ministoci kan kiyaye haɗurran hanya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar a duk inda motoci ke cakuɗa da mutane. Tunanin da ke bayansa ya samo asali ne daga tsarin da majalisar Suwidin ta amince da shi a 1997, wanda ya ce ɗan Adam zai yi kuskure ko an ƙi ko an so, don haka a gina titin da kuskure ba zai zama ajali a kansa ba. Birnin Oslo ya kammala shekarar 2019 ba tare da an kashe mai tafiya a ƙasa ko mai keke ko ɗaya ba. Mun kafa allon 30 ɗin, amma ba a kansa muka dogara ba.

Akwai ƙorafe-ƙorafe, kuma mun ji su. Masu gidajen da ke daf da tudun sun ce motocin kaya marasa lodi suna ƙara idan sun haye da dare. Wasu masu babur sun fara bi ta tsagin dandamalin don yanke hanya, saboda haka an ƙara turakun ƙarfe masu tazarar da keken guragu zai wuce amma babur sai an sauka an tura. Akwai kuma abin da gini ba ya magancewa: hular kwano, ɗaukar mutum uku a babur, da tuƙi ana duba waya. Waɗannan mun miƙa su a rubuce ga jami'an da abin ya shafa.

Cikakken lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe, tare da rasiɗai, yana hannun ma'aji, kuma duk wanda ya ba da gudummawa yana da ikon dubawa. Kwamitin yana godiya ga magina da leburori da suka yi aikin dare don a rage tare hanya, da masu shagunan da suka haƙura da ƙura da raguwar ciniki.

An naɗa ƙaramin kwamiti da zai ci gaba da kula da wurin. Aikinsa shi ne yashe lambatu kafin ruwan farko, sabunta fenti idan ya koɗe, wanke faifan hasken rana, da ci gaba da cike littafin hatsari a kan irin taswirar da aka fara da ita, domin a kwatanta bayan shekara guda. Wanda ya ga faifan kankare ya fashe, ko fitila ta mutu, ko an sake kafa teburin sayar da kaya a kan hanyar ƙafa, ya sanar da sakataren wannan kwamiti.