A riƙa jin maganar mai jirgi kafin a sa hannu a takarda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka. Ni tsohon safiyo ne, ƙuruciyata ta ƙare a jan sarƙa da leƙen na'ura a fadamun Rima da Gulbin Sakkwato, yanzu kuwa ciwon gwiwa ya zaunar da ni a ƙofar gida. Kusan kowace damina sai an ji jirgin fito ya kife da 'yan kasuwa. A yi jana'iza, manya su zo ta'aziyya, ruwa ya janye, maganar ma ta janye tare da shi. Tun abin da ya sami masu zuwa kasuwar Goronyo a watan Agustan 2025 nake juya wani tsohon labari a raina, na 'yan sana'armu da suka fara auna wani kogi a Amurka, har na ga gara in rubuto.

Kogin shi ne Kolorado. Yana ratsa ƙasa mai fari, busasshiya, amma maimakon ya shimfiɗa a fadama kamar namu, sai ya yi ta cin dutse har ya haƙa kwazazzabai. Babbansu, wanda suke kira Giran Kanyon, tsawonsa mil 277 ne, zurfinsa a wasu wurare ya kai mil guda. Wanda ya shiga da jirgi ba shi da komowa baya, bango dama, bango hagu, sama kamar zare. Wani hafsan soja, Ives, ya gwada hawowa daga ƙasa da jirgi mai tururi a 1858, jirgin ya daki dutse, ya ƙarasa ta tudu da alfadarai. Da ya koma ya rubuta wa gwamnati cewa wurin ba shi da wani amfani, kuma yana zaton ba wani Bature da zai ƙara takawa can. Yau miliyoyin mutane ke zuwa kallo kowace shekara. Rahoton ofis ke nan wani lokaci.

Wanda ya fara bin kogin da ma'auni shi ne John Wesley Powell, malamin ilimin duwatsu, wanda ya bar hannunsa na dama a yaƙin basasarsu a 1862. Ranar 24 ga Mayun 1869 ya tashi daga wata tashar jirgin ƙasa a Wayomin, su goma cikin jirage huɗu na katako, da guzurin wata goma. A Shikago aka sassaƙa jiragen, aka kawo su ta layin dogon da bai fi mako biyu da haɗewa ba. Abin da ke ba ni mamaki har yau, irin jiragen tashar teku ne, matuƙi na zaune ya ba gaba baya. Ka faɗa wa ɗan fito na Wurno cewa zai shiga ruwa mai tafasa a kan duwatsu da ƙeyarsa, ka ga kallon da zai yi maka. Shi ya sa Powell ke tsayawa a ƙaramin jirgin da ke gaba yana leƙe, yana yi wa na baya alama da tuta. In wurin ya yi muni sai su sauke kaya kaf, su ɗauka a ka ta kan duwatsu, su zura jiragen da igiya. Akwai ranar da za su wuni ba su ci mil biyu ba.

Ba su yi mako uku ba jirgi ɗaya ya tarwatse a kan dutse, ya tafi da wajen sulusin abincinsu. Abin da ya hana Powell barci a daren nan ma'aunan iska ne masu ruwan zaiba, domin da su yake gane tsayin ƙasa, da su yake lissafin sauran gangaren da ke gabansu kafin su fita. Da safe mutum biyu suka je wurin ɓaraguzan jirgin, sai ya ji suna ihun murna, ya ce alhamdu, yarana sun san darajar kayan aiki. Sun dai samo ma'aunan, amma ihun na wata 'yar gangar barasa ce da aka ɓoye masa tun daga tasha. Duk wanda ya taɓa jagorantar lebura a daji ba zai yi mamaki ba.

Aikin kansa kuwa, a kowane zango sai ya hau bangon dutse da ma'auni a baya, da hannu ɗaya, ya karanta a sama, wani ya karanta a bakin ruwa a lokaci guda, a cire wannan daga wancan. Wata rana ya maƙale a jikin dutse, ba gaba ba baya, ƙafa ta fara rawa. Abokin hawansa, Bradley, ya duba ba sanda ba igiya, sai ya tuɓe dogon wandonsa na ciki ya zuro masa. Sai da Powell ya saki dutsen da hannun nan guda kafin ya cafki wandon. Daga baya garin alkamarsu ya jiƙe ya yi funfuna, suna tankaɗe shi da gidan sauro. Mutum ɗaya ya haƙura tun a watan Yuli. Ranar 28 ga Agusta wasu uku, 'yan'uwa biyu Howland da William Dunn, suka ce sun gaji da wasa da rai, suka hau bango za su fita da ƙafa. Ba a ƙara ganinsu ba. Kwana biyu bayan nan sauran shidan suka fito fili a bakin kogin Bajin, bayan wata uku da tafiyar wajen mil dubu. Awon da suka dawo da shi ya yi giɓi da yawa, dole ya sake komawa a 1871 da mai ɗaukar hoto da mai zana taswira.

Kada a ɗauka ƙasar ba ta da masu ita. Ƙabilun Fayut da Walafai da Habasufai sun san kowace hanyar sauka da kowane idon ruwa tun kaka da kakanni. Mu ma nan haka ne. Mungo Park ya ƙi tsayawa ya yi magana da mutanen bakin Kwara, ruwa ya ci shi a duwatsun Busa. Clapperton kuwa da ya zo Sakkwato a 1824, a zaune a cikin birni Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar kogin da Turawa ke mutuwa wajen nema.

Amma labarin da ya fi tsaya mini shi ne na 1889. Wani ɗan kasuwa, Frank Brown, ya kafa kamfani zai shimfiɗa layin dogo a bin kogin don jigilar kwal zuwa Kalifoniya. Ya ɗauki injiniya Robert Stanton ya yi awo, shi kuma ya sayo kaya. Ya sayo jirage marasa nauyi, katakonsu siriri, wai don sauƙin ɗauka. Aka ba shi shawarar sayen rigunan ruwa, ya ga ba su da amfani. Ranar 10 ga Yuli jirgin da yake ciki ya kife, ruwa mai juyawa ya haɗiye shi. Stanton ya ce abin da ya taso sama kawai littafin aljihun da Brown ke rubutu a ciki. Kwana biyar bayan haka wasu biyu, Hansbrough da Richards, suka bi shi. Stanton ya fitar da sauran ta tudu, ya koma ya sa aka ƙera jirage masu kauri, ya sayi riga ga kowane mutum, ya dawo a watan Disamba. Jirage sun sake kifewa, mai hoto ya faɗo daga dutse ya karye, amma ruwa bai ƙara cin kowa ba har suka isa teku a Afrilun 1890. Layin dogon ma ba a taɓa gina shi ba.

Littafin nan da ya taso, Malam Edita, na taɓa ganin irinsa, sai dai nawa bai taso ba. Ina saurayi aka tura mu auna faɗin Rima da zurfinsa a wata mashiga, cikin tsakiyar damina. Mu huɗu ne da shugabanmu, wanda ba zan faɗi sunansa ba, Allah ya jiƙansa. Mun kwana biyu muna awo a wannan gaɓar, saura mu haye. Mai jirgin tsoho ne, Basarke, ya tsuguna ya daɗe yana kallon ruwa. Ya nuna mana kumfa da karan gero da ke wucewa ta tsakiya, ya ce, “Yallaɓai, ruwan ga baƙo na, daren jiya ya taho. Ku bari sai gobe da sahe.” Shugaba ya duba agogo ya ce motar ofis ba za ta kwana a ƙauye ba. Tsohon bai ƙara cewa uffan ba. Ya cire hularsa ya ba jikansa, ya ɗauki gwangwala. A lokacin ban gane abin da ba da hular ke nufi ba.

Muna kai tsakiya gwangwalar ta daina taɓa ƙasa. Wani kututture ya zo a ƙarƙashin ruwa ya daki gindin jirgin, ya juya da mu. Na tuna sanyin ruwan, da ɗanɗanon laka, da yadda takalmin aikina ya zama kamar an ɗaura mini dutsen niƙa. Tsohon nan shi ya kamo ni ta wuyan riga, ya koma ya jawo shugaba. Ba a rasa rai ba, amma na'urar lebur ta auna tudu da gangare da ƙafafunta da littafin awo na mako uku suna can har yau. A rahoton da aka kai ofis an rubuta cewa ganganci ne na mai jirgi. Ni na buga rahoton a tafireta, kuma ban ce komai ba, ina tsoron aikina. Shekaru sun wuce, abin bai bar ni ba.

Powell ma da ya girma a aiki ya ɗanɗani irin ta tsohon nan. A 1878 ya ba majalisarsu rahoto cewa yammacin ƙasar, inda ruwan sama bai kai inci 20 a shekara ba, ba zai nomu ba sai da ban ruwa, kuma ruwan kogunan ɗan yanki kaɗan zai isa. Ya ce a auna ruwan tukuna kafin a raba fili, a kuma yanka iyakoki bisa yadda ruwa ke gangarowa. Ya shugabanci hukumar safiyon ƙasa daga 1881, amma masu sayar da filaye ba su son jin haka. A wani taro a Los Anjalas a 1893 ya gaya musu gadon rigima da shari'a suke tara wa 'ya'yansu, aka yi masa ihu. Shekara ta gaba ya ajiye aiki. A 1922 jihohi bakwai suka raba ruwan Kolorado a takarda bisa lissafin shekarun da aka yi damina mai albarka, alhali wani ma'aikacin awon ruwa, La Rue, ya riga ya yi gargaɗi cewa ruwan bai kai haka ba. Yau kogin da ƙyar yake isa teku. Tafkin dam ɗin da suka sa wa sunan Powell ya sauka ƙasa da rubu'in cikarsa a farkon 2023.

Mu da damina wata huɗu ce, ruwanmu bai fi inci 20 ɗin nan da wani abin kirki ba, ga Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, ga Goronyo a kan Rima, ga masu albasa da shinkafa da masu shanu da masunta duk ido a kan ruwa ɗaya. Mun ga 2010, lokacin da ambaliya ta share ƙauyuka ta yanke hanyar jami'a. A zamaninmu akwai sanda mai lamba ta auna tashin ruwa a gindin gada, da mutumin ƙauye da ake ba ɗan alawus ya karanta safe da yamma ya rubuta. Wadda na fi sani, da na je bara, sai guntun ƙarfe na tarar, yara na ɗaure jaki a jiki. Mai karantawar ya rasu, ɗansa ya ce ba wanda ya zo ko karɓar littattafan.

Roƙona ga masu iko, a mayar da sandunan nan, a biya masu karanta su a kan kari, a sake bin gulbin da jirgi a auna inda yashi ya cike da inda ya zurfafa. A ajiye rigunan ruwa a kowace mashiga a hannun Sarkin Ruwa, ba a sito a birni ba, a kuma ba shi ikon da in ya ce yau ba fito, ko jirgi ya cika, to maganar ta zauna, ko wane ne ke sauri. Mu fasinjoji ma da laifinmu, mu ne ke cewa a ƙara buhu ɗaya, a ɗora babur, ai Allah na nan.

Littattafan mai karanta sandar nan guda tara ne, ɗansa ya ba ni su a cikin buhun taki. Gara ta ci biyu, sauran ana iya karantawa. Suna nan a akwatina, duk ma'aikacin ruwa ko ɗalibin da ke so ya nemi ni ta hannun jaridarka.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon safiyo,
Mabera, Sakkwato.