A Shiga Aikin Gayyar Cire Kachalla a Fadamar Hadejia da Nguru

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi kira ga matasanmu da su shiga ƙungiyoyin sa-kai masu aikin gayyar cire kachalla, wato doguwar ciyawar nan mai tsirowa a cikin ruwa, a fadamar Hadejia da Nguru.

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliya ya sauya, ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara a wuraren da a da suke bushewa da rani, kuma irin wannan ruwa marar zurfi shi kachalla take so. Ta toshe magudanan ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta hana masunta wucewa da kwalekwale, sannan ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

Aikin ba wasa ba ne, domin sai an shiga ruwa da lauje a yanke ciyawar daga ƙarƙashin ruwa, in ba haka ba ta sake tohowa. Mai niyya ya tuntuɓi mai unguwarsa ko sarkin ruwa. Ina kuma roƙon gwamnatocin Jigawa da Yobe su taimaka wa masu aikin da takalman roba da magunguna.

Naku,
Wani mai karatu daga Nguru